Jijjigar Motar Madugu Dabo

Madugu Dabo ne ya fara sayen mota a Illela, wajen shekara talatin da zuwan Nasara, kuma tun daga ranar kunnen garin bai huta ba. Raƙuma goma sha tara ya sayar, da jakuna garke guda, ya tura kuɗin Kano, aka turo masa wata koriyar akwala wadda masu sayen gyaɗa suka gaji da ita. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana ratsa daji da ayari, ga shi ya koma zaman gaban mota yana ɗaga wa talakawa hannu.

Raƙumi ɗaya ya rage a gidan, wata taguwa ana ce mata 'Yar Azbin. Cikin masu kiwo ma mutum ɗaya ya rage, Boyi, wanda ya karɓi haihuwarta da hannunsa a hanyar Tawa, ya raine ta da nonon akuya bayan uwarta ta mutu. Boyi ba shi da mata, ba shi da ɗa. Taguwar ta Dabo ce, amma duk Illela an san ita ce iyalin Boyi.

Motar ta yi wata biyu lafiya, sannan ta kama jijjiga. Da ta ɗan yi gudu sai ta hau makyarkyata, kujera na rawa, haƙora na haɗuwa, buhunan kanwa na zamewa a baya. Wata rana kafin a kai Amarawa rawanin Madugu ya warware ya sauko masa wuya, yara suka gani. Dole kayan Kwanni suka koma bayan 'Yar Azbin, Boyi na jan akala yana murmushi a ransa.

Direban motar Maharazu ne, ɗan garin Araba. Ya yi shekara biyu a Kano yana wanke motocin Turawa, ya dawo da farin wando da Kananci, ya manta yadda ake cewa "mi" irin na gida, sai "me". Bai taɓa kwanciya ƙarƙashin motar ba, saboda wandon. Daga tsaye yake duba ta, hannu a ƙugu. Da fari ya ce taya ne, aka aika Sakkwato, taya biyu suka cinye dokin Madugu. Jijjiga na nan. Ya ce fulogi ne, suka cinye bijimi. Jijjiga ta ce yanzu na fara. A ƙarshe ya yi dogon tsaki ya ce farfela ce ta lanƙwashe, wato doguwar sandar ƙarfen nan da ke ƙarƙashi, mai kai juyi daga inji zuwa tayoyin baya, kuma sabuwa sai Kano.

"Nawa?" in ji Dabo.

Maharazu ya faɗa. Dabo ya juya ya dubi turke, inda 'Yar Azbin ke durƙushe tana tuƙa.

"Ran Lahadi a kai ta ga rundawa," ya ce. "Kuɗinta sun isa."

Boyi na tsugune a gefe yana tufka igiya. Ya ajiye igiyar ya ƙirga kwanaki. Ranar Laraba ce, saura kwana huɗu rundawa, wato mahauta, su sa mata wuƙa don a saya wa akwala sanda.

Bai san mota ba, kuma bai taɓa son saninta ba. Amma ya san dabba mai ɗingishi, ya san ba a cewa ga ciwonta sai an gan ta a tsaye, an gan ta tana tafiya, an gan ta tana sassarfa. Washegari ya sami Maharazu a gindin gawo yana goge madubi.

"Direba, in tana tsaye inji na kuka, tana makyarkyata?"

"Baba, wannan ba jaki ba ne. Inji ne."

"Na jiya. Tana yi?"

"Ba ta yi."

"In tana tahiya sannu hwa?"

"Ba ta yi. Sai ta ɗau gudu."

"Ga hannu kaka jin ta, ko ga mazaunai?"

Maharazu ya yi dariya har da riƙe ciki, amma ya amsa cewa a kujera ne, sitiyari lafiya lau.

Boyi ya tafi yana juya maganar. In ciwon a ƙafar gaba yake, mai riƙe da akala ne zai fara ji. In a ciki ne, ko a tsaye za ta nuna. Abin da ba ya tashi sai an yi gudu, wannan a wurin fatake sunansa kaya bai daidaita ba: ɓari ɗaya ya rinjayi ɗaya. Yaron da ya kwana uku a ayari ya san haka. Wanda ya yi shekara biyu a Kano ne bai sani ba.

Ranar Juma'a da hantsi Maharazu ya tafi wurin wanzami. Boyi ya tuɓe rigarsa, ya kwanta rigingine, ya ja jiki ƙarƙashin motar. Ga sandar nan, doguwa, baƙa, miƙaƙƙiya sumul, babu inda ta lanƙwashe. Amma a tsakiyarta, ta saman inda mai leƙe daga tsaye ba zai gani ba, an ɗaure wani abu da ɗanyar fata wadda ta bushe ta kama ƙarfen gam. Ya kankare laka da farce. Laya ce, ƙahon rago cike da abin da aka cusa, an rufe da jar fata, nauyinta ya kai na dutsen guga.

Bai buƙaci a gaya masa wanda ya ɗaura ba. Ƙullin ya gani. Ƙullin Madugu Dabo ne, mai zagaye biyu da komawa, wanda da shi yake ɗaura laya ƙarƙashin sirdin raƙumin gaba duk lokacin da ayari zai tashi, ba wanda ya sani sai Boyi. Wato tsohon ya rarrafo nan a ɓoye, ya nemi ƙashin bayan motarsa, ya rataya mata tsari daga bakin mutane da sojan Faransa. Bai san ƙashin bayan nan juyawa yake ba. Doki ya tafi, bijimi ya tafi, duk a kan ƙahon rago.

Boyi ya kwanta nan yana jin wani raini da bai taɓa yi wa maigidansa ba. Ya so ya fito da ƙahon ya ɗaga a tsakar kasuwa. Amma ba a tona layar mutum, kuma shekara talatin yana cin tuwon gidan. Ya sa wuƙa ya yanke fatar, ya jefa layar a aljihu, bai gaya wa kowa ba.

Ranar Asabar motar ta je Amarawa ta dawo, ko ƙwaryar nono aka ɗora ba za ta zube ba. Maharazu ya sauko yana hura hanci, ya ce wani noti ya ɗaure. Dabo ya yi murmushin wanda ya san abin da wasu ba su sani ba, ya ce akwai dai abin da ya yi faɗa da bakin mutane har ya ci nasara, ya sa aka kai wa wani malami rago. Boyi ya bar su. Kowa ya ɗauki ladan da yake so, shi dai an fasa sayen farfela.

Ranar Lahadi ya yi sammako ya yanko harawa, ya ɗauko a ka yana 'yar waƙa. Yana shigowa ya ga mahauta biyu a turke, ɗaya na latsa tozon 'Yar Azbin, ɗaya na duba cinya. Dabo na zaune a kan buzu.

"Madugu, mi a wanga? Ai mota ta warke."

"Shi ya sa," in ji Dabo. "Da tana ciwo ni bar taguwa tana kai kaya Kwanni. Yanzu mi za ni yi da ita? Ci ɗai takai."

"Madugu, ni ag gyara..." Boyi ya fara, sai ya haɗiye. Hannunsa na kan aljihu. Ko ya fito da ƙahon yanzu, motar dai ta warke.

Suka tashe ta. Ta miƙe da ƙafafun baya tukuna kamar kullum, ta juyo da dogon wuyanta tana neman wanda ya saba jan ta. Mahautan sun zo da igiyarsu, don haka suka kwance akalar suka yar a ƙasa. Dabo ya tura ta da ƙafa wajen Boyi.

"Ɗauka, na ba ka. Kai kat tuhka ta dama."

Da rana ta take, gidan ya watse, kowa ya tafi kasuwa, har Maharazu da farin wandonsa. Motar na gindin gawo ita kaɗai. Boyi ya tuɓe riga, ya ja jiki ƙarƙashinta. Ya mayar da ƙahon daidai inda ya same shi, ta sama, ya naɗe shi da akalar 'Yar Azbin, ya ja har igiyar ta yanke masa tafin hannu. Ya yi zagaye biyu da komawa, yadda Madugu ya koya masa. Madugu na da sauran shanu a wurin Fulani da gona a Darna, motar za ta sami abin ci.

Ya fito ya kakkaɓe bayansa, ya koma turke, ya zauna kusa da harawar da ya yanko da safe.