Faifan da Aka Binne da Wilfredo

Hermelinda ce ta ɗauke faifan, kuma ko kunya ba ta ji ba, ta biyo mutane maƙabarta da furanni a hannu.

Ranar ziyarar matattu ce, maƙabartar birnin Lima ta cika kamar kasuwa, kowa da kiɗan da ya kawo wa nasa. Zoila ta shimfiɗa zane gaban bangon kaburbura inda aka ajiye gawar mijinta Wilfredo a ciki, ta jera masa gasasshen nama da kwalbar giya, ta sa wa garmaho sababbin batura. Ta zo ne ta kunna masa faifan da suka yi da abokansa suna samari a garejin ubansa: jita tana gurnani kamar ƙudan zuma a gwangwani, shi kuma yana tsala ihu a kai. Kaɗan aka buga, duk sun ɓace sai nata. Muryarsa ba ta rage ko'ina ba sai a nan, shi ya sa tun rasuwarsa ta kasa taɓa kwalin faifan nan mai launuka masu sa jiri.

Ta ɗora allura. Sai ga muryar wata mata, a sanyaye, irin waƙar da tsofaffi ke rawa da ita a biki. Zoila ba ta karatu, duk baƙin faifai ɗaya ne a idonta.

Anacleto, tsohon mai gangar su Wilfredo, ya leƙo. "Kai! Wilfredo ya yi laushi a lahira."

Hermelinda, yayar mamacin, ta dage da gyaran furanni.

"Yaya," in ji Zoila, ba ta ɗaga murya ba. "Waƙar wa ce wannan?"

"Ta mahaifiyarmu ce. Ai ta fi daɗin ji."

"Nawa fa?"

"Nasa dai. Yana ƙirjinsa, ƙarƙashin kwat. Babanmu da hularsa ya tafi, kawunmu da kartarsa. A gidanmu ba a sallamar mutum hannu rabbana."

"Kin haɗa masa da garmahon?"

Anacleto ya ƙware da giya.

"Ke kullum bakinki," in ji Hermelinda. "Ke ce fa kike cewa hayaniya ce. Har wanka kike shiga idan ya kunna."

Gaskiya ne, ta faɗa, kuma ba sau ɗaya ba. Amma hayaniyarta ce. Zoila ta ɗage allurar, ta mayar da matar nan cikin kwali, ta dubi simintin da aka liƙe bakin kabarin da shi. Taku ɗaya ne tsakaninta da faifan.

Tsohon ya soma buga gwiwarsa yana rera waƙar farko don ya rarrashe ta. Ta bar shi ya kai tsakiya.

"Ya isa, Anacleto. Hannunka yana nan, amma muryarka ta agwagwa ce."

Ta yanki nama ta miƙa wa Hermelinda, ta gyara zama.

"Ci, Yaya, don za mu daɗe. Kin shiga ɗakina ina tsakiyar kuka, kin buɗe min akwati, kin musanya min abu don kin san ba zan gane ba. Shi mamaci kin sallame shi. Ni da nake raye wa ya tambaye ni? Ga ƙanenki yana ji. Ki amsa min a gabansa."