Injin da Ya Fi Son Rana

Abbagana ya iso garejin Hamajoɗa, Bafulatani abokin wasansa, a Nguru da injin ban ruwansa a bayan a-kori-kura, da turbo na hannu a nannaɗe cikin buhu. Shinkafarsa ta rani a bakin kogi kusa da Gashua ta fara ƙishi, injin kuwa jan ruwa yake kamar roƙonsa aka yi.

"Bawana, ɗaura masa wannan," in ji Abbagana. "So nake ya shanye kogin."

"Babarbare da gaggawa," in ji Hamajoɗa. "In na ɗaura haka, kan injin zai riga ka komawa Gashua. Turbo iska yake ɗurawa, sai an rage matsi."

Ya kwance kan injin, ya ɗauko sirinjin kemis, ya ɗiga mai a ɗan gurbin da ke saura idan fistin ya hau ƙololuwa. Ya haɗa abin da gurbin ya ci da abin da silinda ke ɗauka, ya raba da na gurbin. Matsi ya fito sha takwas bisa ɗaya. Da gasket mai kauri, wato shimfiɗar ƙarƙashin kan injin, aka faɗaɗa gurbin, lissafi ya sauko sha shida. Abbagana, wanda rabonsa da lissafi tun firamare, ya gyaɗa kai kamar shi ya ƙirƙiro shi.

Bayan azahar suka gwada, a tsakiyar ranar Nguru, lokacin da ƙarfe ke ƙona hannu. Bugu ɗaya injin ya tashi yana fito. Abbagana ya rungume Bafulatanin, har ya yi alkawarin 'yanta shi.

Washegari da asuba ya tara maƙwabtan gona a bakin kogi su ga abin mamaki. Ya juya hannun inji. Farin hayaƙi, sai tari, sai shiru. Ya yi ta juyawa har hularsa ta faɗa ruwa. Shinkafa na kallo, maƙwabta ma haka.

Ya kira Hamajoɗa a waya.

"Dizal ba shi da fulogi," in ji makanikin. "Matsi ne ke ɗumama iska har mai ya kama. Mun rage matsi, kai kuma ka kai shi sanyin kogi. Laifinmu ne, da rana muka gwada shi."

"To in jira azahar kullum?"

"Kana da ruwan zafi?"

Akwai, a butar shayin da matarsa Yakaka ta aza a bukkar gona. Abbagana ya ɗauke ta tun ba a zuba ganye ba, ya kwarara wa kan injin. Ya juya hannun. Injin ya yi gyaran murya, ya kama, ruwa ya ɓarko daga tiyo ya cika kwamin shinkafa na farko ya tsallaka na biyu. Abbagana ya bi shi da gudu cikin taɓo yana dariya, babu hula.

Yakaka ta duba butar.

"Maigida, gobe wa zan fara dafa wa?"

Bai ko waiwayo ba. "Shi. Ni zan iya jira."