Zanzaro a Bayan Hoton Ciyaman

Shekarar da baƙuwar tsutsar nan ta shigo, wadda aka ce daga ƙetare ta zo ba ko fasfo, ganyen masarar kowa ya koma kamar rariya. Ta Maman Biyu kaɗai, 'yar wadda ta shuka a bayan ɗaki, ta tsaya da ƙafarta. Ita ma ba ta san dalili ba, sai ranar da tsintsiyarta ta fasa gidan zanzaro ɗaya a bangon falo. Tsutsotsi suka zubo a sume, irin dai masu cin masarar. Ta ba zanzaron haƙuri. Tun daga nan take ce musu "ma'aikatana".

Sai ga mijinta, Ciyaman. Ƙungiyar unguwa ce ta naɗa shi, kuma tun lokacin ko ruwa zai nema sai ya gyara murya.

"Manyan baƙi za su zo ran Asabar," in ji shi, yana nuna sauran gidajen zanzaron. "A kankare min wannan ƙazantar. Falon shugaba ne, ba kango ba."

"Baban Biyu, rabin masarar fa yanzu take goyo. In suka tashi, tsutsa ta samu gari."

"Ciyaman," ya gyara mata.

"To, ranka ya daɗe."

Yana fita ta ɗauko ƙaton hotonsa, wanda ya ɗauka riƙe da wayar tebur marar igiya, ta rataye shi ya rufe gidajen, ta cusa murfin kwalba ta baya don a bar musu ƙofa. Ciyaman ya shigo, ya ga kansa a tsakiyar bango, ya ce dama can nan ya dace da shi.

Ran Asabar yana tsakiyar jawabi kan kwamitin da zai kafa don yaƙar tsutsa, sai ga zanzaro ta taga, rungume da tsutsa. Ya wuce ta saman hular ma'aji, ya shige bayan hoto daidai saitin kunne. Wani ya biyo shi.

"Ciyaman," in ji sakatare a hankali, "wani abu na shiga kunnenka."

Ciyaman ya miƙe ya nufi hoton. Daidai nan Maman Biyu ta shigo da faranti cike da dafaffiyar masara, 'yar fari, wadda duk unguwar ba wanda ya ga irinta bana.

"Ma'aikatan Ciyaman ne," ta ce, ba ko murmushi. "Shi ya ba su ofis. Ga aikinsu nan, bismillah."

Ma'aji ya gatsa, ya lumshe ido. "Kai, Ciyaman! Ashe ka yi nisa ba ka faɗa ba?"

Hannun Ciyaman da ya kai ga hoton sai ya ɗan daidaita shi kawai. Ya gyara murya.

"E, gwaji ne muke yi. Kada wanda ya taɓa min hoton nan."

Maman Biyu ta koma kicin tana taku ɗai-ɗai. Duk zamansu, yau ta fara ganin Ciyaman ya yi aikin gona, ko da a hoto ne.