Tsaga Uku a Fuskar Ƙarfe

Duk kaka sai yatsun Inna Larai sun tsattsage. A Ɗanzomo haka matan gida suke raba jan zoɓo da ƙwallon da ke cikinsa, da farce da haƙuri, ƙaiƙayi yana cin fata har su kasa tuƙa tuwo. Dillalai su auna, su ɗora a mota zuwa Maigatari, ba wanda ya taɓa tambayar yadda hannu ya kwana. In an yi magana sai a ce haka aka tarar, kamar ciwo ma gado ne.

'Yarta Ummulkhair ta ƙi wannan amsa. Da ta gama kwalejin fasaha sai ta zana wani ɗan bututun roba mai kaifin baki, wanda za a soka a gindin zoɓo, a murɗa, ƙwallon ya faɗo. Kawunta Ubale yana da injin zuba roba a Gumel, inda yake buga ludayi da moɗa. Ya ara mata injin, amma da sharaɗi: ranar Alhamis, kasuwar Maigatari, zai koma kan ludayinsa. In abin bai fito ba kafin nan, zoɓon bana ya wuce, Inna ta sake wata kakar da farce.

Aikin injin ba ɓoyayye ba ne. Ana zuba ƙwayoyin roba a mazurari, wani murɗaɗɗen ƙarfe irin na injin markaɗe ya tura su cikin bututu mai zafi har su narke. Daga nan ya danna narkakkiyar robar da ƙarfi cikin ƙarfen zubi, wato gudajen ƙarfe biyu da aka sassaƙa surar abin a tsakaninsu. Ruwa ya zagaya ya sanyaya, ƙarfen ya buɗe, kaya ya faɗo.

Wanda ya sassaƙa mata ƙarfen zubin shi ne Baba Nehemiya, maƙerin inji da ya taso daga Pankshin ya tsufa a Gumel. Ya goge fuskokin biyu har mutum yana ganin haƙoransa a ciki.

Ranar Laraba da hantsi aka kunna janareto. Bututun zoɓo na farko ya faɗo ba baki: robar ta cika jiki, ta tsaya kafin ta kai kaifin, gefen ya yi baƙi kamar an ɗosana masa garwashi. Na biyu haka. Kawu ya ƙara wuta, ya ƙara ƙarfin dannawa, ƙunar ta ƙaru.

"Ummu, kakanninki da farce suka yi," in ji Kawu, yana goge hannu. "Ba su mutu ba."

"Sun mutu mana, Kawu. Ina suke?"

Baba Nehemiya ya yi dariya har da tari. Ita kuwa ta jera guntayen a kan benci tana juya su. Duk a wuri ɗaya suka tsaya, duk a wuri ɗaya suka ƙone. Ta ɗauki kwalbar da Kawu ya sha lemo, ta kifa bakinta cikin bokitin ruwa, ta danna.

"Baba, duba. Me ya hana ruwa shiga?"

"Iska ce a ciki, Injiniya. Wannan ko jikata ta sani."

"To ita ce a cikin ƙarfenka. Ka haɗa shi ya kama tsam, iska ba ta da mafita. Roba ta koro ta zuwa lungu, ta matse ta har ta yi zafi ta ƙona bakin. Sai mun tsaga mata hanya."

Dariyar ta bar fuskar tsohon. Ya shafa ƙarfen da tafin hannu.

"Tsaga? A wannan fuskar? So kike ki mai da shi Bamange mai tsaga a kumatu."

"A Gumel aka haife shi, Baba. Ai gara ya yi kama da 'yan gari."

"In ta yi zurfi fa? Roba ta bi ta, ta yi gemu, ƙarfen ya tashi aiki. Ba a mayar da abin da magagari ya ci."

Kawu ya gyaɗa kai, ya ce a bar wa baɗi. Ummulkhair ta girgiza kai. Baɗi ce ta cinye musu komai a ƙasar nan.

"Siririya, Baba, ba ta kai kaurin gashi ba. Iska ta wuce, roba ta kasa. Hannuna zai yi rawa. Naka ba ya yi."

Baba Nehemiya ya jawo ƙarfen gabansa. Sannan ya gyara tabarau, ya zaro mafi ƙanƙantar magagarinsa, ya sunkuya. Sau uku ya ja, a hankali, daga bakin surar zuwa gefe, yana hura garin ƙarfen bayan kowace ja.

Aka ɗaura, aka rufe. Injin ya yi nishi, ya danna, aka ji wani siririn huci. Da ƙarfen ya buɗe sai abu ya faɗo cikin kwano, shuɗi, cikakke, bakinsa zagayayye ba ƙuna ba gemu. Wani ya biyo shi, wani ya biyo wannan. Kawu ya ɗauki ɗaya ya gwada kaifin a ɗan yatsa.

"Ludayi ya jira mako mai zuwa," ya ce, ya tafi ya ciccibo wani buhun ƙwayoyin roba.

Da la'asar Ummulkhair ta isa Ɗanzomo da buhun bututun a bayan babur. Mata suna zaune a inuwar darbejiya, zoɓo tsibi a gabansu. Inna Larai ta karɓi bututun, ta juya shi da yatsunta masu ɗaurin tsumma, ta soka, ta murɗa. Ƙwallon ya faɗo, jan zoɓon ya tsaya lafiyayye a tafinta. Ta sake ɗaukar wani, ta sake.

"Ke Larai, miƙo nan mu gani," in ji maƙwabciyarta Zakiyya.

"Je ki wajen mai buhu," Inna ta ce ba tare da ta ɗago ba. "Wannan nawa ne."