Ƙyalle a Kan Layin Ƙarshe

Fil uku ne a bakin Tela, tef a wuya, yana fama da hannun wata riga da ya ƙi zama, sai ga Malama ta shigo. Ta yi sallama ƙasa-ƙasa. Ba ta zauna a bencin baƙi kamar yadda ta saba ba. Kai tsaye ta wuce teburin yanka, ta ajiye wayarta a kan yadin da ya shimfiɗa, ta tura masa da ɗan yatsa.

"Malam Tela, duba min ɗinkin nan. Naka ne?"

Ya zare fil ɗin daga baki, ya gyara tabarau. Ko a duhu ya san aikin hannunsa. Koriyar doguwar riga ce da ya ɗinka mata wata biyu baya. Ga madubin ɗakin gwajinsa nan a bayanta, har da tsagar da ke gefensa. Malama ce tsaye a ciki, ta ɗan waiwayo tana murmushi. Sai dai sunan da ke saman hoton ba nata ba ne, a ƙasa kuma an rubuta cewa mai hoton miji take nema.

"Ɗinkina ne," in ji shi. "Rubutun ne ba nawa ba."

"Na san ba naka ba ne."

Ta ba shi labari da murya a kwance, kamar tana kiran sunayen 'yan aji. Jiya ana tashi daga makarantar da take koyarwa, wani mutum ya tare ta a bakin ƙofa. A gaban yara da iyayensu ya dinga kiran ta da wancan sunan, yana cewa ta yi masa alkawarin aure a waya ta wanke shi tas. Shugaban makaranta ya ce ta ɗan huta a gida sai ƙura ta lafa. Mijinta kuwa tun jiyan bai ce mata uffan ba.

"Da faɗa ya yi ma da ya fi min sauƙi," ta ce. "Ni gwajin riga na zo yi. 'Yarka ta ce in juya ta ɗauka in ga yadda bayan ya zauna. Yaushe muka yi da ku za a kai ni kasuwa?"

Tela mutum ne da ba ya tauna magana. Ya ce, "Ai kin sa hannu, Malama."

Ta dube shi ta ce:

"A takardar awo na sa hannu."

Ta ɗauki wayarta ta fita.

* * *

Shekara talatin Tela yana ɗinki, bai taɓa yin talla ba. Cewa yake riga mai kyau ita ke tallan kanta. To, sai kasuwa ta juya. 'Yan bana-bakwai suka cika waya da hotuna, suka kwashe masu kawo ɗinki, kekunan ɗinkinsa uku har biyu suka fara yin yana. Auta, 'yarsa da ta gama karatu ba a samu aiki ba, ita ta matsa sai an buɗe wa shago shafi a intanet.

Bai yarda ba sai da ya kira ƙanin matarsa, wanda kowa a dangi ke kira Lauya. Tela ba ya tsoron ɗan Adam, amma yana tsoron takarda mai hatimi. Lauya ya zauna a kan buhun ƙyallaye ya zayyano masa sharuɗɗa. A yi wa sunan shago rajista. Kada a ɗauko hoton ɗinkin wani a ce nasu ne. Kada a manna tambarin wani kamfani a riga komai nacin mai riga. A rubuta ɓaro-ɓaro kwana nawa ake karɓar gyara. Hoton mutum kuwa, kada ya hau shafi sai da sa hannunsa.

"Kai da ko maɓalli ba ka iya sawa ba," in ji Tela, "yau kai ke koya min sana'a."

"Yaya, kai ka ɗinke yadi, ni in ɗinke maka baki. Kowa da kiwon da ya karɓe shi."

Aka buga sababbin takardun awo. Suna a sama, sai kafaɗa, ƙirji, ƙugu, tsayi. A ƙasa layi guda da ƙananan haruffa, na yarda a yi talla da hotona, sannan wurin sa hannu. Tela ya bi komai bi da bi. Har alfahari yake wa maƙwabta cewa shagonsa ya fi banki ƙa'ida. Cikin wata shida kekunan uku suka koma kuka, ana aiko da awo daga garuruwan da bai taɓa takawa ba. Hoton koriyar rigar nan shi ya fi kowanne jawo mutane, ashe har da waɗanda ba riga suka zo nema ba.

* * *

Kwana tara da zuwan Malama, takardar lauyanta ta iso. Ana neman diyyar ɓata suna. An ambaci shago, an kuma ambaci Auta, tunda da sunanta aka yi rajistar shafin kuma ita ta ɗora hoton.

Lauya ya zo da hantsi, ya karanta sau biyu yana kaɗa ƙafa.

"Ba wani abu ba ne. 'Yan damfara ne suka saci hoton, ba ku ba. Ku dai da izininta kuka sa. Auta, ɗauko min takardar awonta."

Ta sauko da gwangwanin biskit ɗin da suke tara tsofaffin takardu, ta dinga bi ɗaya-ɗaya. Kowace takarda da ɗan ƙyallenta a maƙale. Haka Tela ke aiki tun yana ɗan koyo: mutum ya kawo yadi, sai ya ɗan yanko gefe ya maƙala da fil a gindin takardar awo, don kada yadin wani ya tafi jikin wani. A gindi yake sawa, saboda sama ta lambobi ce.

"Ga ta," in ji Auta. Ta miƙa, sai kuma hannunta ya tsaya a hanya.

Koren ƙyalle ne, faɗin yatsa uku. Ya kwanta ɗas a kan layin ƙananan haruffan, ya rufe shi ruf. Daga ƙarƙashinsa sa hannun Malama ne, a tsare, irin na mai koyar da rubutu.

Lauya ya karɓa. Ya janyo wata takardar daga gwangwani, ya janyo wata. Duk haka suke.

"Yaya, kafin su sa hannu kake maƙalawa ko bayan?"

"Kafin. Ina awo, ina yanka, ina maƙalawa, in miƙa biro. Da can ma haka nake yi."

"Da can babu rubutu a wurin!"

"To ni na ce ka sa rubutunka a wurin ƙyallena? Rubutun ma kamar ƙafar tururuwa."

Babu wanda ya yi dariya. Lauya ya ajiye takardar a tebur ya rage murya.

"Bari in gaya maka gaskiya. In takardar nan ta je gaban alƙali da ƙyallen nan, ba ta fi ta ƙunsa gyaɗa ba. Kekunan nan sai an ɗaga su. Yarinyar nan kuma sunanta zai shiga littafin kotu, ita da ke neman aiki. In kuwa babu ƙyalle, ga rubutu, ga sa hannu, magana ta ƙare."

"Kawu," in ji Auta, idonta ya kawo ruwa, "ni bari in je in ba ta haƙuri. Na zaci duk sun karanta, wallahi."

"Kul! Haƙurin nan shi ne shaidar da suke nema. Ko gaisuwa kada ki aika." Ya miƙe yana kakkaɓe zare daga wandonsa. "Ni ban ce a cire komai ba, ku shaida. Zan je in sayo ruwa. In na dawo, abin da na tarar a tebur shi zan ɗauka."

Ya fita.

Tela ya zauna ya sa takardar a gaba. Shi da in ya ɓata wa mutum yadi, da bakinsa yake faɗa kafin a tambaya. Bai taɓa cin ƙyallen kowa ba, ko tafin hannu ne sai ya ƙunsa ya mayar. Ya san matar nan gaskiya ta faɗa: a takardar awo ta sa hannu. Ya kuma san cewa ko an sayar da shi da kekunansa, hoton ba zai dawo daga inda ya tafi ba. Ya riƙe wannan tunani da kyau, don shi ne kaɗai mai ɗan sanyi a cikinsu. Ya ɗaga kai ya dubi Auta. Ta jingina da bango tana murɗa gefen mayafinta, kamar ranar da ya fara kai ta makaranta.

"Je ki ɗakin gwaji ki share madubi," ya ce.

"Baba..."

"Na ce ki je."

Fil ɗin ya ɗan yi tsatsa, sai da Tela ya murɗa shi sannan ya fita. Layin ya bayyana tsaf, kamar yau aka buga shi, sai ƙananan huji biyu a tsakiya. Da Lauya ya dawo ya ɗaga takardar a haske, ya ce in an yi kwafi hujin ba zai fito ba.

* * *

Bai kuwa fito ba. Lauyan Malama ya ga kwafi, bai sake rubutowa ba. Auta ta sauke hoton daga shafinsu, amma an ce yana nan yana yawo da suna kala-kala. Wata mai kawo ɗinki ta ce makaranta ta ɗauki sabuwar malama. Wata ta ce ta ga ana loda akwatuna a ƙofar gidan Malama. Tela bai tambayi na wa ba.

Wata safiya matar mai kantin magani ta zo karɓar riga, ta kuma kawo sabon yadi. Tela ya yi awo, ya yanko ƙyalle, ya maƙala shi can sama kusa da suna. Ya juya mata takardar, ya ɗora kaurin yatsansa a kan layin ƙarshe.

"Karanta nan tukuna."

"Haba, Baba Tela! Jarrabawa ce? Shekara nawa muna tare?"

"Ki dai karanta."

"Kai ai ko rufe ido na yi na yarda da kai."

Ta zare biron daga hannunsa, ta sa hannu idonta na kan sabuwar rigarta, ta sure ta ta shige ɗakin gwaji. Ya tsaya da takardar a hannu. Can ya jiyo muryarta ta bayan labule, tana dariya.

"Auta, ina wayar? Zo ki ɗauke ni ta nan gefen, ya fi kyau."