Fuloti Arba'in a Fadamar Falalu

A watan Maris Yasir, ma'aikacin awon filaye na gwamnati, ya zo Dakko daga Talata Mafara da abin awonsa mai ƙafa uku. Saurayi ne mai ladabi, ya iya gaisuwa, ya iya lissafi, sai dai tunda aka haife shi bai taɓa riƙe fartanya ba. Ya tsaya a gabas da gari ya ga fili shimfiɗe, busasshe ƙayau, babu tudu babu kwari, ya ce ai bai taɓa ganin wurin da ya dace da gidaje irin wannan ba. Kafin sati ya zagayo an kafa turakun siminti, takarda kuma ta fito cewa wurin ya tashi daga gona ya koma filin gidaje, fuloti arba'in cif.

Filin nan kuwa fadamar Malam Falalu ce, inda yake noma shinkafar da gidansa ke ci shekara ta zagayo. Ita ce gadonsa, ba shi da wata. Da ya ji labari hankalinsa ya tashi ƙwarai. Sau uku yana hawa mota zuwa Mafara, ya zauna a bencin ofishin filaye har la'asar, ya yi bayanin cewa wurin nan ruwa yake kwanciya. Kowane zuwa sai a buɗe masa taswira a nuna masa cikin mutunci cewa babu alamar ruwa a ciki. Falalu ba ya karatun boko, kuma shi mutum ne mai kunyar musu da takarda, sai ya yi godiya ya dawo gida.

Matarsa Husaina ce ta hana shi komawa na huɗu. Ta ce ya daina ɓata takalminsa, ya je ya yi shukarsa kamar kullum, tunda dai ba a ce za a fara gini bana ba. Ya yi yadda ta ce, amma duk wanda ya gan shi ya san jikinsa kawai ke gonar.

A tsakiyar Agusta saƙo ya zo cewa ranar Laraba Yasir zai kawo waɗanda aka ba fuloti, ya nuna wa kowa nasa. Sai Husaina ta shiga shiri. Ta aika gida-gida cewa Falalu ya kira gayyar cire ciyawa ranar Laraba, ta ɗora tukwane uku. Shi mai gayyar ma a bakin maƙwabta ya ji.

Da hantsi motoci biyu suka tsaya inda hanya ta ƙare. Yasir ya fito da taswira a hammata, bayansa Alhaji Kamilu, wani ɗan kasuwa daga Bakura, cikin farar babbar riga da ta sha guga. Gabansu ruwa ne malale har inda ido ya tsaya, shinkafa kore shar tana kaɗawa a kansa, ga maza kusan talatin tsamo-tsamo har gwiwa suna aiki, ana ta ba'a. Yasir ya dubi taswira, ya dubi ruwa, ya juya taswirar. Daga nan ya tambayi direba ko sun ɓata hanya.

Falalu ya fito bakin ruwa aka gaisa, aka tambayi gida, aka tambayi gajiya, aka tambayi damina. Sannan Yasir ya yi ƙasa da murya ya ce ina turakunsa.

"Suna nan inda kab bar su, ɗana," in ji Falalu. "Wallahi ba mu taɓa ko guda ba."

Alhaji Kamilu ya ce shi dai a nuna masa lamba goma sha bakwai. Yasir, don kada a ce ya kasa, ya tuɓe takalmi ya naɗe wando ya shiga. Ruwa ya kai gwiwa, ya kai cinya, ya kai ƙugu, 'yan gayya suka bar aiki suna ba shi shawara, wannan ya ce dama wancan ya ce hagu. Can ya yi tuntuɓe da wani abu mai tauri, ya sunkuya ya laluba, sai ga tarwaɗa ta kubce daga gindin turken ta watsa masa ruwa a fuska.

"Alhaji, ga naka nan," ya ce yana share ido. "Amma akwai mai zama a ciki."

Dariyar da aka yi har mata a bakin tukwane sun ji. Alhaji Kamilu ya yi ta fi kowa, ya ce shi gida ya nema, bai nemi kwalekwale ba.

Wanda ya shiga ruwan gayya ba ya tafiya bai ci tuwonta ba, don haka Husaina ta zuba wa Yasir malmala biyu. Yana ci yana ɗiga, ya ɗauko biro ya ja layi a kan taswirarsa, ya yi ɗan rubutu a gefe, ya ce laifinsa ne da ya auna ƙasa da rani kaɗai. Zai rubuta a mayar da wurin gona, a nemi tudu don gidajen.

Falalu ya matso ya ce a nuna masa inda aka rubuta. Ya ɗora yatsa a kan rubutun da ba zai iya karantawa ba, ya daɗe bai ɗauke ba.

"Karanta mini," ya ce.

"Fadamar noma."

"Ƙara dai, Husaina ba ta jiya ba."