Shafi na Tamanin da Takwas

Ƙaryar da Ilenia Cavicchi ta yi ba wata babba ba ce, haka dai ta riƙa lallashin kanta. Tana rubuta kundin digirinta na uku a birnin Ferrara, kuma babi guda cur ta ɗora shi a kan baitoci huɗu daga wani ɗan littafin waƙoƙin soyayya mai shekara ɗari biyar. Kwafi ɗaya tak ya rage a duniya, yana ɗakin tsofaffin littattafai na garin. Malaminta, Farfesa Zaniboni, ya tambaye ta ko ta je ta gani da idonta. Ta ce ta je.

Ko ƙofar ba ta leƙa ba. Baitocin ta kwafo su ne daga wata maƙala da Farfesan da kansa ya rubuta tun ba a haife ta ba, har da lambar shafi. Mene ne na wahalar da kai, tunda babban masani ya riga ya gani? Ai kowace shekara sai ya ba sababbin ɗalibai labarin ranar da ya buɗe littafin ya ga baitocin a shafi na tamanin da takwas har ƙwalla ta zubo masa.

"Madalla!" in ji shi. "Gobe mu je tare, na yi kewar tsohon abokina, ɗan littafin nan. Ki nuna mini wurin, in sa hannu a babin, ki huta."

Da safe suka jingine kekunansu, suka tsaya shan kofi a tsaye. Ilenia ko taɓa nata ba ta yi ba.

"Cavicchi, wannan fuska fa? Kamar wadda mai gida ya watso wa kaya waje."

"Ban yi barci sosai ba ne, Farfesa."

"Barci na masu digiri ne. Shanye mu shiga."

Nives, mai kula da ɗakin, ta kawo littafin ta kwantar a kan ɗan matashi. Littafin bai fi tafin hannu ba. Ilenia ta shiga buɗawa a hankali, tana roƙon Allah lambar shafin ta zama daidai, ita ke nan fargabarta. Saba'in. Tamanin. Sai takardar ta ƙi rabuwa.

A wancan zamani babbar takarda ake bugawa a ninke, wanda ya saya shi zai bi da wuƙa yana raba shafukan yayin da yake karatu. Mai wannan littafin, ko wane ne shi, a tsakiya ya gaji. Sauran shafukan a haɗe suke ta sama da ta gefe, ko ido ba zai shiga ba.

"Daga nan zuwa ƙarshe ba a taɓa yankawa ba," in ji Nives. "Kuma ba za a yanka ba." Ta koma teburinta.

Kunya ta rufe Ilenia tun daga wuya har tafin ƙafa. Mutumin nan ya yarda da ita, ya fifita ta a kan sauran ɗalibai, ga abin da ta saka masa da shi. Ta kasa ɗago kai.

"Farfesa, ban taɓa zuwa ba. Ƙarya na yi muku."

Ya ce, "To baitocin, a ina kika samo su?"

"A maƙalarku."

Sai da kalmar ta fita sannan ta ji abin da ta faɗa. Ta ɗago. Kunnuwan tsohon sun yi jawur. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar, ya sake cirewa. Ya miƙa yatsa ya shafa bakin takardar da ba a yanka ba, irin shafawar wanda yau ya fara ganin abu.

"A bakin malamina na ji su," ya ce, ba ita yake kallo ba. "Ya ce mini suna nan. Ban taɓa..." Bai ƙarasa ba.

Babin ya rushe, ta sani, babu wani sa hannu. Amma ba shi ne ya fi damunta ba. Ta zo tana tsoron ya ga ƙaryarta, ga shi yanzu ita ce ke neman inda za ta kai idonta don kada ta ga tasa. Da za a ba ta zaɓi, da ta zaɓi ya daka mata tsawa ya kore ta, ƙaryar ta zama tata ita kaɗai.

"Rufe shi, 'yata," in ji shi. "A hankali."